Goruba a Bayan Riga

Azumin bana na yi shi talatin cif,
babu ko ɗaya da zan rama.
Shekara talatin da takwas ina bin wata da lissafi,
sai ga wata ya zo ya wuce ƙofata
bai yi sallama ba.
Na ce madalla, an sauke mini tulu.
Ashe tulun ne ke tokare da wata ƙofa.

Zafi ya fara zuwa, ba irin na Tawa ba.
Na Tawa na san shi, yana jin kunyar inuwa.
Wannan daga ƙirji yake tasowa tsakar dare,
ya jiƙa matashi, ya tafi abinsa.
Gari ya waye kaina kamar an yi daka a ciki.
Da hantsi, ƙafata bisa feda,
na yi gyangyaɗi a kan keken ɗinki
har na haɗe wuyan rigar wata amaryar Geben Zogi da hannunta.
Ni da ban taɓa warware ɗinkina ba.

Illo ya ce, kina minshari.
Na ce, bakinka ya sari ɗanyen kashi,
a ina ka taɓa jin mace da minshari?
Ya ce, ba minsharin ke hana ni barci ba, Tabawa.
Shirun ne.
In ya tsaya nakan ɗauki tasbaha in ƙirga.
Jiya na ja ashirin da uku
kafin ki fizgo numfashi
kamar guga ya kuɓuce a rijiya an cafke igiyar.

Ban ba shi amsa ba. Na tashi na hura wuta.

Wasu sun ce dannau ne, a yi hayaƙi.
An yi. Ɗaki ya yi ƙamshi, shi ke nan.
A asibiti aka ce tansiyo ya hau,
aka ba ni takarda zuwa Yamai.
Yini guda a mota, na kwashe rabinsa baki buɗe.
Can suka liƙa mini wayoyi kamar tsohuwar rediyo,
suka ce, kwanta ki yi barci.

Da safe likitar, ƴar ƙarama, sa'ar Hurerata,
ta tambayi sana'ata, sannan ta ce:
Inna, abin da ke kawo miki jinin wata
shi ke taya tsokar maƙogwaro tsayuwa,
kamar zaren da ke riƙe kalmasa.
Da ya janye, ɗinkin ya yi sako-sako.
Kitse ma ya canza unguwa,
ya baro ƙugu ya tare a ciki da wuya.
In kin kwanta rigingine hanya ta rufe.
Sau goma sha tara a awa ɗaya.

Sau goma sha tara nake tafiya in dawo
ban sani ba, ban yi wa kowa ban kwana ba.

Akwai inji mai tura iska ta hanci.
Kuɗinsa ya sayi keke uku irin nawa,
ga kuran namu mai zuwa in ya ga dama.
Na shiga adashe, ɗaukata sai bayan damina.
Kafin nan, ta ce, ki kwanta ta gefe, ki riƙa taka ƙasa.

Na dawo na ɗinka aljihu a bayan rigar barci,
na sa goruba, na datse.
In na juya, ta tokare ni: koma!
Da la'asar ina taka bakin tabki, zani a ɗaure,
yara na cewa wai me Inna ta yar.

Rannan wurin suna na faɗa wa mata.
Aka yi dariya har da tafi.
Da aka watse, Gambo mai ƙosai ta biyo ni zaure,
ta ce a hankali,
aljihun nan, nawa kike ɗinkawa?

Daren jiya na farka, na ji ƙwas-ƙwas ɗin tasbaha.
Na ce, nawa?
Ya ce, wannan ta Allah ce. Yi barcinki.